Wa Ya Fitar da Yajin Gidan Baba Sirajo?

Duk ranar da aka ga Inna Larai ta ja ƙofar gidanta ta danna sakata da rana tsaka, mutanen layin sun san abin da ake ciki: yau dakan yaji ake yi. Ko maƙwabciya ce ta zo ɗibar garwashi, sai dai ta tsaya daga waje ta yi ta kwaɗa sallama har muryarta ta dishe, babu mai buɗe mata.

Kada ka ga laifin Inna. Yajin nan shi ne jarin gidan, shi ne kuma sunansa. Duk unguwar New Bell ta birnin Douala, kai, har Kassalafam da Bépanda, in ka ambaci tsiren mijinta Baba Sirajo sai ka ga mutum ya haɗiyi yawu. Kakan Baba Sirajo ne ya taho da haɗin daga ƙasar Katsina, kuma tun daga lokacin sirrin haɗin bai taɓa tsallake bakin ƙofa ba. Inna ba ta sayen kayan a wuri ɗaya. Citta a kasuwar Marché Central, kimba a ta Nkololoun, sauran kuma a inda ita da Allahnta suka sani, don kada wani mai shago ya zauna ya gano bakin zaren. In ka tambaye ni abin da ke ciki, wallahi ban sani ba. Na dai ci, na kuma san yana da wani ɗan ɗaci a ƙarshe da ke narkewa ya koma zaƙi a maƙogwaro, har ka ce a ƙaro maka ba ka shirya ba.

Ranar nan ma ƙofa a kulle take. Raliya, autar gidan, ta ɗaure hanci da ɗankwali, ita da Inna suna lugude, sai wayarta ta fara ruri a kan tabarma. Taɓarya ta tsaya a sama.

"Raliya! Taɓarya za ki riƙe ko waya?"

"Inna, Tahir ne fa!"

"Na sani ai. In ba Tahir ba, wa zai sa mutum murmushi yana shaƙar barkono? Daka, 'yar nan. Juma'ar nan dai manyansa za su zo sa rana, ba gudu zai yi ba."

Raliya ta sunkuyar da kai tana dariya, ta ci gaba da daka kamar za ta fasa turmin. Kwanan nan ƙafarta ba ta taɓa ƙasa don murna. Tahir kuwa ya kai a yi murna da shi. Haifaffen Douala ne, jikan Hausawan da suka daɗe da zama, ya yi karatunsa da Faransanci, ga ladabi ga fara'a. Shi ke shugabantar ɓangaren abinci a sabon katafaren ginin nan da aka buɗe a unguwar Akwa, wanda duk garin ya haukace a kansa. Ginin yana da suna na Faransanci mai tsawo, amma tsofaffin New Bell ba su da lokacin karya harshe, suka raɗa masa Gidan Fitilu. A cikinsa akwai ɗakunan sinima, da zauren wasan kwaikwayo, da gidajen abinci hawa-hawa, can sama kuma wurin kiɗa da rawa. 'Yan matan unguwa in suka fara ba da labarinsa har numfashinsu yake sarƙewa. Raliya dai ba ta taɓa zuwa ba.

Aikin nan na Tahir shi ya kusa hana maganar auren tun farko, domin Baba Sirajo ya tsani irin waɗannan wurare, kuma yana da dalilinsa. Ɗansa namiji tilo, Bilya, yayan Raliya, kiɗa ne ya raba su. Yaron ya zama mai sa wa mutane faifai a wani gidan rawa, labari ya zo wa Baba, ya tare shi a tsakar gida ya ce, "In ka fita da akwatin kiɗan nan, kada ka sake tako mini gida!" Bilya mai zuciya ne kamar ubansa, ya ɗauki akwatinsa ya fita. Daga baya aka ji ya hau jirgin ruwa ya tafi Gabon. Shekaru suka shuɗe, ba waya ba saƙo. Ba a kiran sunansa a gidan. In ya faɗo wa Baba a rai sai ya ja tsaki ya ce, "Yaron da ko wuta bai iya hurawa ba." Inna kuwa takan shiga madafa ta yi kukanta, ta fito ta ce hayaƙi ne.

Sai da aka yi bincike aka tabbatar Tahir abinci kawai yake kula da shi, ba ruwansa da kwalba ko rawa, sannan Baba ya amince, shi ma da ƙyar.

An gama daka, an zuba yaji a gwangwanaye, an zare sakata. Baba ya zauna a tsakar gida yana soka nama a tsinke kafin ya fita tukubarsa ta bakin titi. Sai ga amininsa Alhaji Hammadu, Bafulatanin Garoua, dillalin shanu, ya faɗo da sallama yana ɗaga wata farar leda sama.

"Sirajo! Sirajo, an kashe maka kasuwa! Surukina ya kai ni Gidan Fitilu yau. Wallahi akwai wani tsire a can da suke kira soya, ashia, sai haƙuri, naka ya zama na yara!"

"Kai da ba ka da haƙoran kirki, me ka sani a nama?" in ji Baba yana dariya. "Kawo in ji."

Ya warware takardar, ya ɗauki yanka ɗaya, ya dangwali yajin ya kai baki. Ya tauna sau ɗaya. Ya sake taunawa a hankali. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya dangwali yajin zalla da yatsa ya ɗora a harshe, ya rufe ido yana jiran ƙarshen, kuma ƙarshen ya zo, ɗan ɗacin nan mai komawa zaƙi.

"Larai," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Zo ki ɗanɗana."

Inna ta ɗanɗana. Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Malam, ai namu ne!"

"Namu ne." Ya juyo ya kafe Raliya da ido. "Mu uku muka san haɗin nan a garin nan. Ni ban faɗa ba. Uwarki ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗa ba. Wa yake da saurayi a Gidan Fitilu? Wa yake shugabantar abincinsu?"

"Baba!" Raliya ta zube a kan gwiwoyinta. "Wallahi tallahi ban taɓa faɗa masa ba! Bai ma taɓa tambayata ba!"

"To ta sama ya faɗo musu? Ashe duk zaryar nan da durƙushe-durƙushen nan, ba ke yake nema ba, gwangwanin uwarki yake nema! Kira mini shi!"

Alhaji Hammadu ya ga abin da wasansa ya jawo, ya rasa inda zai sa kansa, sai murza hula yake yana cewa, "Kai, ni da na sani da na cinye a hanya."

Kafin magariba Tahir ya iso a kan bensikin, wato ɗan acaɓa, ko rigar aiki bai cire ba. Ya durƙusa a gaban Baba. Raliya tana bakin ƙofar ɗaki, idanu sun kumbura, tana jira ya buɗe baki ya wanke ta.

"Ka san wanda ke haɗa yajin da kuke sayarwa?" in ji Baba.

Tahir ya dubi takardar da ke shimfiɗe a ƙasa, ya runtse ido. "Na san shi, Baba."

"Wa ya ba shi haɗin gidana?"

"Baba, na rantse da Allah ba Raliya ba ce, ba kuma ni ba ne. Ni ko abin da ke ciki ban sani ba. Amma mutumin ya ba ni amana, ya sa na yi alkawari ba zan faɗi ko shi wane ne ba sai ya yarda. Ka ba ni lokaci in roƙe shi."

"Amana!" Baba ya miƙe tsaye. "Ɓarawo ya ba ka amana, ni kuma ka ba ni haƙuri? Tashi ka fita! Ka gaya wa manyanka kada su wahalar da kansu ranar Juma'a. Ba ni da 'yar da zan ba ku!"

Raliya ta manta da kunya, ta bi shi har zaure da gudu.

"Tahir, dis-lui! Ka faɗa masa mana! Suna kawai fa, suna ɗaya!"

"Je ne peux pas, Raliya, ba zan iya ba. Na yi alkawari."

"Ko da za ka rasa ni?"

Ya tsaya, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "In na ci amanar wani yau don in same ki, gobe da me za ki yarda da ni? Ki yi mini haƙuri, ki yi mana addu'a. Ba zan zauna ba, wallahi, zan yi ta roƙonsa."

Ya fita. Ta jingina da bango ta yi kuka mai isarta. Ta ji haushinsa ƙwarai, kada in ɓoye maka. Amma ko a cikin haushin, wani abu a ranta ya ƙi yarda cewa mutumin da ya yi wannan magana maƙaryaci ne.

New Bell kuwa ba a ajiye magana. Kafin gari ya waye labari ya kai famfo, ya kai wurin masu niƙa, ya kai majalisar 'yan bensikin. Wasu suka ce an yaudare ta da hoton sinima. Wasu suka ce dama ɗan boko ba ya zuwa gidan mahauta don Allah. Ƙawayenta suka rabu biyu, masu cewa ta share lambarsa ta huta, da masu cewa su je mairie, ofishin magajin gari, a ɗaura musu auren takarda, in ya so Baba ya yi fushinsa ya gama. Raliya ta ce ba za ta yi ko ɗaya ba. Ba za ta saɓa wa ubanta ba, ba kuma za ta yanke wa Tahir hukunci a kan abin da ba ta gani ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Baba ya daina amsa gaisuwarta, kuma Inna ta ɗauke gwangwanayen yaji ta kai ƙarƙashin gadonsa, bisa umarninsa.

Ranar Alhamis da safe ta dama masa kunun gyaɗa da hannunta, ta kai masa, ta durƙusa ta ƙi tashi.

"Baba, ina da roƙo."

Bai ɗago ba.

"Mu je Gidan Fitilu ka ga mai gashin da idonka, ka tambaye shi da bakinka. In ya ce daga wurina ya samu, ko daga wurin Tahir, na haƙura da auren har abada, kuma ba za ka sake ganin hawayena a kai ba."

Inna da ke bakin madafa ta saki ludayi. Raliya kanta ba ta san me za su tarar ba. Abin da ta sani kawai shi ne idanun Tahir a zaure.

"Ni?" in ji Baba. "Ni Sirajo in taka gidan rawa da furfurata?"

"Malam, ba rawa za ka je ba," Inna ta sa baki. "Haƙƙinka za ka bi. In saniyarka ta shiga gidan giya ai shiga za ka yi ka koro ta."

Baba ya daɗe yana juya kofin a hannu. "To. Amma ba za a sanar da yaron nan ba. Ba uwarki wayarki."

Bayan la'asar suka cika taksi, Baba a gaba cikin babbar rigarsa ta sallah, Inna da Raliya a baya, Alhaji Hammadu a gefe a matsayin ɗan jagora, tunda shi ya taɓa zuwa sau ɗaya ya zama gwani. Suka kutsa cikin cunkoson Akwa, 'yan bensikin suna gilmawa ta ko'ina, har direba ya taka birki ya ce, "Voilà, on est arrivés," wato ga shi mun iso.

Subhanallahi! Raliya ta fito ta ɗaga kai, ɗankwalinta ya kusa zamewa. Gini ne na gilashi tun daga ƙasa har sama, an kunna fitilu tun rana ba ta faɗi ba, ja da shuɗi da ruwan zinariya suna bin juna a guje. Wani ƙaton allo a bango yana nuna mutane suna motsi, kowane kai ya fi ƙofar gidansu girma. Tana tsoron abin da za su tarar, amma idanunta sun ƙi ba ta haɗin kai, sai kallo suke.

Suna isa bakin shiga ƙofar ta dare gida biyu da kanta. Inna ta ja da baya. "Salamu alaikum! Wa ya buɗe?"

"Ba kowa, Hajiya, haka take," in ji Alhaji Hammadu yana hura hanci. "Ku biyo ni kawai."

Sanyi ya buge su, ƙamshin gugguru da soyayyen kaza ya biyo baya. Ga samari da 'yan mata sun yi layi a gaban sinima, ga iyaye da yara riƙe da askirim, ga wasu 'yan wasa da fenti a fuska suna kiran mutane zauren kwaikwayo, kiɗa kuma yana saukowa daga sama a hankali. Da suka zo wurin matakalar nan mai tafiya da kanta, Inna ta ce atafau ba za ta hau abin da bai jira ta yi bisimilla ba. Sai da Raliya ta riƙe ta tamau, suka hau tare, Inna tana salati da ƙarfi, Raliya tana dariya da hawaye a ido, yaran da ke bayansu suna tafa musu.

Alhaji Hammadu ya ɓatar da su har sau biyu, ya kai su ƙofar bayi, ya kai su wurin sayar da takalma. Baba, wanda tun shigowarsu idonsa ke ƙasa yana istigfari, ya tsaya cak ya ɗaga hanci.

"Matsa, Hammadu. Ta nan ne."

Ya wuce gaba kamar a gidansa, suka bi shi har wani buɗaɗɗen fili a hawa na sama, inda ake hango kogin Wouri da jiragen ruwa a tasha. Tebura cike da mutane. A tsakiyar wannan gilashi da ƙarfe kuwa, sai ga tukuba ta ƙasa irin ta gargajiya, an kakkafa tsire a kewaye da wuta. Wani mutum cikin farar riga da hular masu dafa abinci ya ba su baya yana aiki. Da hannun hagu yake juya tsinken. In ya zare ɗaya sai ya buga shi sau biyu a bakin faranti kafin ya barbaɗa yaji.

Raliya ta ƙura wa hannun mutumin ido. Mutum ɗaya ta sani a duniya mai wannan bugun, kuma ga shi tsaye a gefenta cikin babbar riga, bakinsa a buɗe.

Jakar Inna ta faɗi ƙasa. Uwa ba ta bukatar ganin fuska, ƙeya ta ishe ta.

"Bilya!"

Mutumin ya sandare. Ya juyo a hankali. Ya rame, ya yi gemu, amma shi ne.

"Yaya Bilya! Inna, Yaya ne! Wallahi Yaya ne!" Raliya ta ƙwalla ihu, ta manta da inda take. Inna ta riga ta isa, ta ruƙunƙume shi da farar rigar da hayaƙin da komai, tana kuka tana shafa fuskarsa tana kiran sunansa kamar za ta rama duk shekarun da aka hana ta kira. Masu cin abinci suka ajiye cokula. Alhaji Hammadu sai "Allahu akbar" yake yi yana zagaya tukuba.

Bilya ya zame daga hannun Inna ya zube a gaban ubansa, goshinsa ya kusa taɓa takalminsa.

"Baba, ka yafe mini. Gabon ba ta karɓe ni ba. Na dawo ba ni da komai, kunya ta hana ni zuwa gida. A tasha nake kwana lokacin da Tahir ya gan ni, ya gane ni, tare muka yi firamare. Shi ya kama mini ɗaki, ya tsaya mini aka ba ni wurin nan, shi yake tashina sallar asuba a waya. Ni na sa shi ya rantse ba zai faɗa ba sai na zama mutumin da zai iya tsayawa a gabanka. Tun ranar da ka kore shi yake roƙona, har da hawayensa. Jiya na zo har bakin layinmu, na hango ka a tukuba, ƙafata ta ƙi ƙarasawa. Ni ne matsoracin, Baba, ba shi ba."

Daidai nan Tahir ya iso da gudu, wani ma'aikaci ya gaya masa ana hayaniya a wurin gashi. Yana ganinsu ya ci birki, ya durƙusa daga nesa.

Baba ya kewaye shi. Ya taka zuwa tukuba, ya duba yadda aka kafa tsinken, ya kara tafin hannu ya ji zafin wutar. Ya zare tsinke ɗaya ya ci.

"Wa ya koya maka haɗin?"

"Ba wanda ya koya mini, Baba. Duk ranar da Inna ta sa sakata ina ɗaki, kuna zaton kiɗa nake ji. Ta taga nake leƙe. Abin da ban gani ba, hancina ya gaya mini. Juyin kuma a wurinka na gani, duk daren da ka ce in tsaya in riƙe maka faranti."

"Ashe kana kallo," in ji Baba. Muryarsa ta karye. "Ashe duk lokacin nan kana kallo, ni ina cewa ko wuta ba ka iya hurawa ba." Ya sa hannun babbar riga ya share ido, ya ce hayaƙi ne. Inna ta dube shi ta gefen ido, ta san irin wannan hayaƙin. Ya sunkuya ya ɗago ɗansa da hannu biyu. "Tashi. Namanka zai ƙone."

Sannan ya juya wurin Raliya. A gaban jama'a, a tsakiyar Gidan Fitilu, Baba Sirajo da ba a taɓa jin ya ba wani haƙuri ba ya ce, "Auta, na zarge ki a kan abin da ba ki yi ba. Ki yafe wa ubanki."

"Baba, don Allah ka daina! Ni ba ka yi mini komai ba!" Ta rufe fuska da mayafi tana kuka, amma wannan kukan daban yake da na zaure.

"Kai kuma," Baba ya yafito Tahir, "matso. Yanzu da ka yarda ka rasa 'yata saboda maganar wannan ja'irin?"

"Ban yarda ba, Baba. Ko barci ba na yi. Amma na ga in na faɗa, zai sake gudu, ku rasa shi gaba ɗaya. Kuma na riga na yi alkawari."

Baba ya girgiza kai yana kallonsa. "Wanda ya riƙe mini ɗa haka, zai riƙe mini 'ya. Ka gaya wa manyanka gobe ina jiransu. Su zo da wuri!"

Inna ta rangaɗa guɗa, irin wadda gilashin Akwa bai taɓa ji ba. Mutanen tebura, waɗanda rabinsu ba su fahimci ko kalma ɗaya ba, suka miƙe suna tafi suna taya murna da "Félicitations!" Raliya ta saci kallon Tahir ta ƙasan mayafi, ya ɗaga mata gira, ta murguɗa masa baki, don dai ya san haushin bai gama hucewa ba. Alhaji Hammadu kuwa ya ja kujera ya zauna ya ce tunda shi ya haddasa komai, a kawo masa tsire na musamman, kuma a biya masa sinima.

An sa rana, an yi biki, New Bell ta ci tsire har ta gode Allah, uba da ɗa suna gashi kafaɗa da kafaɗa. Bilya ya koma gida, yana kuma ci gaba da aikinsa a Gidan Fitilu da yardar Baba, wanda yanzu yakan ce shi bai ga laifin ginin ba, matakalar ce dai ba ta da tarbiyya.

Ku 'yan mata da samari, ku dubi Raliya. Da ta bi zugar ƙawaye, da ta rasa uba ko ta rasa miji. Ta yi haƙuri, ta riƙe biyayya, ta kuma nemi gaskiya ta hanyar da ta dace, sai Allah ya haɗa mata duka har da ƙarin ɗan'uwa. Ku dubi Tahir, ku san cewa mai riƙon amana yakan sha wuya, amma ba ya taɓewa. Iyaye kuma a riƙa bincike kafin a yanke hukunci, a kuma bar wa ɗan da ya yi kuskure hanyar dawowa.

Bayan biki da 'yan makonni ranar dakan yaji ta zagayo. Tahir ya kawo amaryarsa gida don ta taya Inna, ya gaida surukansa, ya juya zai fita tun kafin a ce masa ya fita, don ya san dokar gidan. Har ya kai zaure Baba ya kira shi.

"Ina za ka?"

"Baba, na ga za a fara daka ne."

"To, sai me? Dawo ka zauna. Ga taɓarya can, ka karɓi matarka in ta gaji." Ya juya ya dubi Inna. "Larai, sa sakata."

Inna ta danna sakata, Tahir yana ciki. Can sai ga Alhaji Hammadu ya iso, ya yi ta kwaɗa sallama daga waje har muryarsa ta dishe, babu wanda ya buɗe masa.